Riƙon Dangi, Gidan Marayu ko Tsangaya: Ina Za a Kai Marayan da Aka Bar Muku?

Idan magidanci ya rasu ya bar ƙananan yara, ba a cika taɓa maganarsu a zaman makoki ba. Sai an yi sadakar uku, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, sannan bappanni da kawunnai su keɓe a zaure su tambayi juna: to, yaran fa? A nan Bauchi, daga cikin gari har su Darazo da Misau da Ningi, amsar ba ta wuce uku. Wani ya ce a raba su cikin dangi. Wani ya ce a tura mazan karatun allo, ko ba komai an rage baki. Wani kuma ya ce ai akwai gidan marayu, me zai hana a kai su can su samu ci da sha da makaranta a aljihun gwamnati. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ban ga laifin wanda ya fara lissafin mudun masara kafin ya ce zai ɗauki yaro ba. Abin da ke damuna shi ne a yanke shawarar bisa zaton wani taimako da gwamnati ba ta bayarwa, a kuma bar wanda take bayarwa don ba a san da shi ba.

Ni dai ina bayan riƙo a gida, a hannun uwa in tana raye, in babu ita a hannun dangi. Amma ba kowane gida ba, kuma ba da ka ba, sai da takarda da mai sa ido. Dalilaina na tafe, har da wuraren da gidan marayu ya fi gidan ɗan'uwa.

Mu fara da abin da ke hannun gwamnati, domin a nan ake yawan ruɗuwa. A Kenya tun 2004 ake biyan gidajen talakawa da ke riƙe da marayu wani kuɗi a kai a kai. Afirka ta Kudu tana da tallafin wata-wata na musamman ga wanda kotu ta damƙa wa riƙon yaro. A Ingila mai riƙo yana karɓar alawus, yaron kuma hukuma ba ta sake shi da ya cika 18, akwai jami'in da zai iya ci gaba da bibiyarsa har shekara 25. Mu a Najeriya babu wani alawus na ƙasa da aka yanka wa mai riƙon maraya. Duk wanda ya ɗauki yaro yana jiran a riƙa tura masa kuɗi ƙarshen wata, to ya sake lissafi.

Abin da muke da shi a warwatse yake, kowane yanki da ƙofarsa. Jihar Bauchi tana da hukuma sukutum ta marayu da yara marasa galihu, BASOVCA, wadda ba kowace jiha ke da irinta ba. Akwai ma'aikatar mata da ci gaban yara, da jami'an walwalar jama'a a ƙananan hukumomi. A watan Disambar 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha, shekara 20 bayan dokar tarayya ta 2003. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma ta BASHCMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ake yi wa marasa ƙarfi rajista a jihar nan. Akwai rajistar talakawa ta ƙasa, wadda ta nan aka bi wajen rabon naira 25,000 sau uku da aka sanar a 2023. Akwai shirin AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi, wanda Bauchi ta shiga. Ban ce duk wanda ya nema zai samu ba. Masu bukata sun fi abin da ake rabawa yawa nesa ba kusa ba, kuma sai an yi ta sintiri. Amma ku lura da abu guda: kusan babu ɗaya cikin waɗannan da ya ce sai yaro yana gidan marayu. Abin da suke nema shi ne yaro mai adireshi, mai takardar haihuwa, mai suna a rajistar makaranta, da babban da zai tsaya masa. Wato yaron da ke gida shi ya fi kusa da su, wanda aka tura nesa ba takarda shi ya fi nisa.

Kafin a kai ga bappa ko goggo, akwai wadda ake yawan tsallakewa a zaman zauren nan, ita ce uwar yaran. Tana ɗaki cikin takaba ana rabon 'ya'yanta a waje. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, uwa ce ta fi kowa haƙƙin reno, bayanta sai mahaifiyarta, sai 'yan'uwanta mata, kafin a zo ɓangaren uba. Namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Talaucin uwa ba ya kore wannan haƙƙi. In matsalar abinci ce, buhun da Bappa zai ƙara a gidansa saboda yaro ɗaya, ya aika shi gidan uwar ya ci da yara huɗu ba tare da an raba su ba. Yaron da ya rasa uba a wata ɗaya, aka kuma raba shi da uwa da ƙannensa a watan, rashi uku aka haɗa masa. Barista Zannah Mustapha na Maiduguri, wanda ya buɗe makarantar marayu a 2007 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017, bai tsaya kan yaran kaɗai ba, ya haɗa da tallafa wa iyayensu mata da suka rasa mazajensu su samu abin dogaro. Wannan shi ne tsarin da nake so masu hali a cikinmu su kwaikwaya. Matsala takan taso idan uwar ta sake aure, mijin kuma bai son agola. A nan ne shari'a ta mayar da renon ga kaka ta wajen uwa, ba wai a yi wa yaran rabon goro ba.

To idan uwa da uba duk babu, ko uwar ba ta da ikon riƙewa, sai riƙon dangi. Alherinsa a fili yake. Yaro yana tashi da sunan ubansa, ya san gonar kakansa, ya san wanda zai nema masa aure, in mace ce kuma ta san wanda zai karɓi sadakinta. Ba ranar da za a ce masa shekarunka sun cika, tattara kayanka. Ga kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai ɗaukar nauyin maraya za su kasance a Aljanna.

Amma mun san abin da kalmar 'yar riƙo take nufi a wasu gidajen, kuma ɓoye shi zalunci ne. Yawanci ɓarnar tana farawa ne tun ranar farko. Maigida ya dawo daga zaman dangi da yarinya riƙe da ƙullin kayanta a leda, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Maman Abba, ga 'yar marigayi nan, da mu za ta zauna." Ita kuma ta ce, "To Malam, Allah ya ba mu ikon riƙewa," alhali ba wanda ya shawarce ta. Shi ya karɓi godiyar dangi, da safe ya fice kasuwa. Ita ce za ta yi wanka da tsifa da jinyar dare da haƙuri da fitsarin kwance. In ba ta amince har zuciyarta ba, yarinyar ce za ta biya. Don haka kada a tambayi Bappa kaɗai. A tura dattijuwa ta zauna da matarsa su biyu, ta ji ta bakinta. Macen da ta ce ba za ta iya ba ta taimaki marainiyar, kada a zarge ta.

Bayan an ba da riƙon, a samu mutum ɗaya daga ɗaya ɓangaren dangin, in tana wajen dangin uba to kawu ko inna, wanda aikinsa ziyara. Ba ziyarar sallah ba, lokacin da kowa ya sha sabon ɗinki. Ya je ranar Talata da hantsi ba tare da ya sanar ba. In 'ya'yan gidan suna makaranta ita tana bakin rijiya da tulin wanke-wanke, ya ga amsa. Ya duba inda take kwana, ya ga ko kwanonta ɗaya da sauran yara ko sai sun tashi take cin ragowa, ya buɗe jakar makarantarta ya ga ranar ƙarshe da malami ya yi maki a littafi. In da farantin talla a jingine, ya tambaya na wa ne. Doka ma tana nan: dokar kare yara ta tarayya ta 2003 ta hana sa yaro bara da tallan da ke hana shi karatu, ta hana mayar da shi ɗan aikin gida a gidan da ba na danginsa ba, kuma dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau laifi. Wannan ya shafi masu zuwa ƙauye su ce a ba su marainiya za su kai ta wajen wata Hajiya a Abuja ko Legas ta yi karatu. Wanda ba ku san ƙofar gidansa ba, ba ku da ikon zuwa ku gan ta, kada ku ba shi.

Sai dukiya, wadda ita ce ke halaka masu riƙo da yawa. Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani kan cin dukiyar maraya, ta kuma ce a jarraba hankalinsa in ya girma sannan a miƙa masa abinsa a gaban shaidu. A raba gado a gaban alƙali tun da wuri, a rubuta wanda zai kula da rabon yara. Ya sayi littafi mai bango ya riƙa rubuta abin da ya shigo na hayar shago ko amfanin gona da abin da ya fita na makaranta da magani, wani kuma ya riƙa dubawa duk shekara. In mamacin ma'aikacin tarayya ne ko na kamfanin da ke cikin tsarin fanshon 2014, ban da abin da ya tara a asusun fanshonsa akwai inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma iyalai da dama ba su san su nema ba. Ana bukatar takardar shaidar rasuwa da ta kotu. Ga 'yan'uwanmu Kirista na su Tafawa Balewa da Bogoro kotun da hukuncin gadon ne suka bambanta, amma bukatar rubutu da shaidu ɗaya ce. Wani abin da ya kamata a sani: a Malikiyya ciyar da maraya bai wajaba a kan bappa ko kaka ba. In yana da dukiya daga cikinta ne, in babu nauyin yana kan baitulmali da jama'a. Saboda haka mai riƙon da ya je BASOVCA ko wajen masu rabon zakka ba roƙo ya je ba, haƙƙin yaron ya je nema.

Yanzu gidan marayu. Abin da yake da shi wanda gidan talaka ba shi da tabbacinsa shi ne tsari: abinci a kan lokaci, gado, makaranta, da littafin da hukuma za ta iya zuwa ta duba. Sai dai mutane ba su san cewa ba wuri ne da za ka kai ɗan ƙaninka ka ajiye don abinci ya yi tsada ba. An fi tanadarsa don jaririn da aka tsinta, yaron da ya ɓata ba a gano iyayensa ba, da wanda aka ƙwato daga hannun masu cutar da shi, kuma shigar takan bi ta rahoton 'yan sanda da binciken jami'in walwala. Yaron da ke da bappanni biyar, tambayar farko da za a yi muku ita ce ina suke.

Ko da an karɓa, akwai abin da gini da abinci ba sa bayarwa. Masu reno ma'aikata ne, suna canjin aiki, ana yi musu sauyin wuri, suna ritaya. Mace ɗaya ga jarirai da yawa ba za ta iya goya kowa ba. An bincika wannan sosai a ƙasar Romaniya tun daga shekarar 2000, inda aka bibiyi yara 136 da ke gidajen reno a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi ɗaya rabin kaifin fahimta da shaƙuwa da mai renonsu, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 ma sun ce yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata a rene shi. Don haka ga jariri ban ga abin kwatantawa ba. A nema masa hannu ɗaya da zai saba da shi. In an samu mai shayarwa cikin dangi ta shayar da shi kafin ya cika shekara biyu, ya zama muharramin gidan, an huta da damuwar da kan taso in ya girma tare da 'yan matan gida.

Babban rauninsa kuwa sai yaro ya girma yake bayyana. Saurayin da ya tashi a gida, ko bai yi boko ba, ya san yadda ake ciniki a kasuwar Muda Lawal, ya san gaisuwar surukai, yana da ɗakin zaure da zai raɓa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya tashi a gidan marayu, ranar da ya fita wa zai tsaya masa wajen mai gidan haya, wa zai kai shi wajen ubangidan sana'a ya ce ɗana ne? Yarinya kuma, ko an yi mata kayan ɗaki an aurar da ita da mutunci, in aure ya yi tsami gidan wa za ta yi yaji?

Duk da haka akwai lokacin da zan ce a kai shi can ba tare da jinkiri ba. In ana dukansa dukan da ke barin tabo, in akwai alamar wani a gidan yana lalata da yarinya, in masu riƙon su ne ke hanƙoron gadonsa, to gidan marayu mai rajista ya fi wannan gidan sau dubu, kuma rufa asirin dangi a nan haɗa baki ne da mai laifi. A sanar da jami'in walwala ko 'yan sanda. Amma a ɗauke shi a matsayin masauki kafin a samo wani gidan, a ci gaba da ziyara, a ɗauko shi hutu da sallah. In gidan na masu zaman kansu ne, a nemi ganin takardar rajistarsu da ma'aikatar mata, a tambayi ko yaran suna fita makaranta tare da yaran unguwa, a tambayi inda waɗanda suka girma a nan suke yanzu. Gidan da ya hana dangi ganin yaro, ko yake son sauya masa suna, a guje shi.

Tsangaya fa? Ba na cikin masu zaginta. Ta fitar da alarammomin da muke alfahari da su, kuma akwai malaman da suka riƙe almajiransu fiye da yadda wasu iyaye ke riƙe 'ya'yansu. Amma a bambanta tura yaro don karatu da tura shi don a rage baki. Almajirin da ubansa ke raye akwai mai aiko da kuɗin laraba da ɗan hatsi, akwai wanda malam zai kira in zazzaɓi ya kama shi. Marayan kolo ɗan shekara shida da aka ɗora a mota zuwa wata jiha ba shi da ko ɗaya. Mun ga abin da ya faru a 2020 lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150 daga 2012, da yawansu ba su ɗore yadda aka tsara ba. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma har yanzu cikin almajiri a kan ƙoƙon bara ya dogara. In ana son maraya ya haddace Alƙur'ani, kuma buri ne mai kyau, a sa shi wajen malamin unguwa, ya yi karatun asuba da na dare, ya kwana a gida. In ya kai shekarun da zai iya wanki da neman na kansa, kuma shi yake so, sai a yi maganar tafiya, da sharaɗin akwai mai aika masa abinci.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika kawowa a zaure ba, kuma ga yaron da ya gama firamare takan warware rigima: makarantar kwana. Gidan da ba zai iya riƙe yaro wata goma sha biyu ba zai iya riƙe shi lokacin hutu. Muna da su a jihar nan, na jiha da na tarayya irin kwalejin gwamnatin tarayya ta Azare da ta 'yan mata da ke Bauchi. Ba kyauta ba ce, akwai kayan makaranta da guzuri da kuɗin mota, amma nauyi ne da mutum huɗu za su iya rabawa, kowa ya san nasa zangon. Sharaɗin kawai a san gidan da zai sauka in an yi hutu, kuma ranar ziyara kada ya tsaya bakin ƙofa yana kallon iyayen wasu.

Duk wadda aka zaɓa, takardun nan a yi su tun kafin arba'in, lokacin da zukata ke da taushi kuma kowa yana kusa: shaidar rasuwar uba, takardar haihuwar kowane yaro daga hukumar ƙidaya da sunan ubansa na gaskiya, lambar NIN, da wasiƙar mai unguwa ko hakimi mai nuna wanda ke riƙe da shi. Wanda ba dangi ba ne yake son ɗaukar riƙo ya bi ta ma'aikata da kotu. Dokar tarayya ta ce ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21. Ya sani yaron zai ci gaba da amsa sunan ubansa kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni, ba zai gaje shi ba, amma yana iya yi masa kyauta yana raye ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Amfanin takardun yana daɗewa. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati, irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da Jami'ar Sa'adu Zungur da kwalejin Tatari Ali, bashin kuɗin makaranta ba ruwa, da naira 20,000 a wata na kashewa, biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ana neman NIN da BVN da lambar JAMB, kuma in sunan da ke wannan ya saɓa da na waccan, gyaran yakan ci watanni. Mai riƙo ya ajiye asalin takardun, kwafinsu kuma a ba kawu ko innar da aka ɗora wa ziyara.